Daga Ruwan Bagaja Zuwa Shagon Gem: Tarihin Wani Ra'ayi

Akwai wani ra'ayi da ya zama ruwan dare a tsakanin matasanmu masu taɓa wasan bidiyo jefi-jefi, wato waɗanda ba su mai da shi sana'a ba, ba su kuma bari ya hana su zuwa gona ko kasuwa ba. In aka tambaye su game da wasannin nan na jarumi da takobi da aljannu, waɗanda ake kwana da kwanaki ana bin labarinsu, amsar ba ta cika wuce abu uku ba: sun cika tsawo, surutun Turanci ya yi musu yawa, kuma mutum ɗaya ke yi sauran suna kallo. Daga nan sai su ce a sa musu ƙwallo. Ana jin wannan magana a Jalingo, ana jin ta a Iware ta ƙaramar hukumar Ardo-Kola, garin da aka fi sani da kasuwar shanu, kamar dai yadda ake jin ta a Fagge ko Tudun Wadar Zariya. Wasu sun riƙe ta a matsayin hujjar cewa Bahaushe ba ruwansa da labarin yawon neman abin al'ajabi. Mu kuwa a ganinmu wannan hukunci an yanke shi da gaggawa. Ra'ayin yana da tarihi, kuma in aka bi diddiginsa za a tarar cewa hanyar da wasannin suka biyo suka iso mana ce ta haife shi.

Ya kamata mu fara da bayyana irin wasan da muke nufi. Za mu kira shi wasan shiga rigar jarumi, domin mai wasa yakan ɗauki matsayin wani mutum a cikin labari, ya yi tafiya da ƙafarsa, ya yi yaƙi da hannunsa, ya zaɓa masa abin da zai faɗa. Asalinsa ba a na'ura yake ba. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na lido. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labarin, yana faɗa wa sauran abin da ke gabansu, ko kogo ne ko dodo, su kuma suna faɗar abin da za su yi, ƙwaya ta yanke hukunci. Wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ana gatanan gatananku ba zai ga baƙon abu a nan ba, illa dai kaka ba ta barin jikoki su sauya wa Gizo dabara. Da kwamfuta ta samu, sai ta karɓi aikin mai ba da labarin. Japanawa ne suka kai shi ɗakin kowa: kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a 1983, sannan aka sami Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Yaro mara ƙarfi ya bar ƙauyensu saboda wata masifa da ta auka wa ƙasa, ya bi gari-gari yana tambaya, ya sami abokan tafiya da makamai, ƙarfinsa na ƙaruwa da kowane gumurzu, har ya kai ga abin da ya fita nema.

To, wannan tsari ne za a ce baƙo ne ga Bahaushe? Shekara arba'in kafin Gygax da abokinsa su zauna a teburinsu, Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙaga labari a 1933, littattafan da suka yi fice kuma aka shiga buga su daga 1934. Biyu daga cikinsu labaran yawon al'ajabi ne tsantsa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar Kwantagora don neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke mijin uwarsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ya shekara da shekaru yana ratsa garuruwa, kowane gari da irin tasa jarrabawar, ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman da suke ta karo suna rama wa juna, har aljannu suka taimake shi ya kai ga ruwan. Duk mai ƙera wasan shiga rigar jarumi da ya ga wannan littafi zai gane kayan aikinsa: ga dalilin tafiya, ga matakai, ga abokin hamayya mai dawowa, ga taskar ƙarshe. A Ganɗoki na Bello Kagara kuwa, jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya zarce ƙasashen aljannu shi da ɗansa Garba Gagare. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a 1951, wanda tushensa labarin jarumin Rasha ne Ilya Muromets, inda gurgun da ba ya iya tashi ya wayi gari da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, ya hau dokinsa ya nufi birnin Kib wurin Sarki Waldima. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Waɗannan littattafai su ne aka karantar da iyayenmu da mu kanmu a makarantun Arewa, daga Sakkwato har tsohon Lardin Muri, ba mu kuwa taɓa jin ɗalibin da ya ce Ruwan Bagaja ya cika tsawo ba.

Saboda haka ba a labarin matsalar take ba. Sai mu duba yadda na'urar ta iso.

Ta iso ne a mugun lokaci. Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, darajar naira ta shiga faɗuwa, kayan waje suka fi ƙarfin ma'aikaci. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta 1991, Jalingo ta zama babban birni, ma'aikata suka tattaro iyalansu da talabijin ɗinsu daga Yola, abin da ke cikin kasuwannin ƙasar nan ba Nintendo na asali ba ne. Kwaikwayonsa ne mai araha daga ƙasashen Asiya, da kaset ɗinsa mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa alƙawarin wasanni dubbai, alhali kaɗan ne aka yi ta maimaitawa da sabon suna. Abin da ke ciki shi ne Super Mario Bros da Contra da wasan tankar yaƙi da na harbin agwagi. Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san yadda abin ke aiki. Dogon labari yana bukatar a adana inda mutum ya tsaya, shi ya sa kaset ɗin Final Fantasy na asali yake ɗauke da ɗan ƙaramin batir a cikinsa don ya riƙa tunawa. Mai yin jabu kuwa ba zai kashe kuɗinsa a batir ba. Ya zaɓi ƙananan wasanni da ake farawa daga farko duk lokacin da aka kunna. Yaranmu na wancan zamani sun tashi da sanin cewa gem abu ne na tsalle da harbi da ake gamawa kafin a ɗauke wuta, ba don sun gwada ɗayan sun ƙi ba, sai don ba a kawo musu shi ba.

Mataki na biyu ya fi wannan tasiri, wato zamanin shago. Sega ta zo da Mortal Kombat, sannan PlayStation na kamfanin Sony ya fito a Japan a ƙarshen 1994, na biyunsa kuma a 2000. Ƙalilan ne suka mallake shi a gida, don haka sai ya zama sana'a. Wanda ya sami ɗan jari ya kama shago, ya sa benci da talabijin biyu ko uku da ƙaramin janareta, ya riƙa karɓar kuɗi a kan kowane wasa. A nan ne lissafin mai shago ya zama shi ke zaɓar wa jama'a abin da za su so. Wasan ƙwallo na kamfanin Konami minti goma ne ko ƙasa da haka, mutum biyu ne ke yi, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna, 'yan kallo na ihu suna jiran layi. Final Fantasy VII na 1997 kuwa faifai uku ne, yana cin wajen awa arba'in, mutum ɗaya ke riƙe da shi, kuma sai an tanadi katin adana wasa wanda ake saye daban. A ce yaro ya biya ya yi awa guda yau, gobe ya dawo ya tarar wani ya goge masa tafiyarsa, ko wuta ta ɗauke kafin ya kai wurin adanawa, ai wannan shi ne aikin baban giwa. Mai shago ma ba zai ƙona mai saboda mutum ɗaya yana karanta hirar bokaye ba. Wani abin lura, wanda kan ba mu dariya in mun tuna, shi ne cewa da yawa daga faifan Winning Eleven da suka yi yawo a lokacin da Japananci suke, ba mai jin ko kalma ɗaya, amma hakan bai hana kowa haddace inda zai danna ba. Ƙwallo ba ta bukatar tafinta. Labarin jarumi kuwa in ba a ji abin da tsohon da ke bakin rijiya ya ce ba, ba a san ƙofar da za a bi ba, kuma Turancin da ake rubuta shi da shi ba irin na aji uku na sakandare ba ne.

Duk da haka wasu sun kutsa. Prince of Persia, musamman wanda ya fito a 2003, da God of War na 2005 sun sami karɓuwa a shagunanmu, kuma ba mamaki: sara da suka sun fi magana yawa a cikinsu, 'yan kallo ma suna samun abin gani. Na farkon ma da rawani da fada da takobi mai lanƙwasa, kamar an tsamo shi daga Dare Dubu da Ɗaya. Na biyun kuwa ya taɓo wani ɓangare na ra'ayin da ba a cika faɗarsa a shago ba, sai a gida. Labarinsa na gumakan Girkawa ne, iyaye da malamai kuma suna da damuwa ta gaskiya game da abin da ke ɗauke da shirka da tsafi, ban da ɓata lokacin salla da karatu. Ba mu kaɗai ke da wannan lura ba, domin Nintendo da kansa ya cire wani sauti mai kama da addu'ar Musulmi daga bugun baya na wasan Zelda na 1998. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa. Aljannu da bokaye sun cika littattafan da muka ambata, ba a kuwa hana karanta su ba, saboda marubutanmu sun san inda iyakar take, jaruminsu da sunan Allah yake fita, da shi yake dawowa.

Shaidar da ta fi ƙarfi a wurinmu ita ce abin da ke faruwa a kasuwar littattafai a daidai shekarun da shagon gem ke cika da ƙwallo. A cikin adabin kasuwar Kano, wanda aka fi sani da soyayya, wani reshe ya tsiro na littattafan yaƙi, masu sadaukai da matsafa da tsuntsaye masu ɗaukar mutum, kashi-kashi har mai karatu ya ƙosa da jiran na gaba. Abdul'aziz Sani Madakin Gini na cikin waɗanda suka yi suna a wannan fage. Yaron da ya ce ba zai iya awa arba'in a kan Final Fantasy ba, shi ne zai karɓi hayar littafi na ɗaya zuwa na huɗu ya cinye su a mako guda. Yau ma an mai da irin waɗannan littattafai sauti, ana sauraren su a waya awa bayan awa, a shago da tasha da bakin kasuwa.

Wayar ce kuma ta rushe biyu daga cikin katangun nan. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001, aka fara da wasan maciji na Nokia, har aka kai ga waya mai shafawa, na'urar wasa ta koma aljihun mai ita. Tana da batir, tana tuna inda aka tsaya, ba mai jiran layi a bayanka. Amma ɗabi'ar da aka shekara ashirin ana ginawa ba ta gushe ba, shi ya sa ƙwallo da wasannin harbi irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 suka gaji shago, ga kuma tsadar data da ta maye gurbin kuɗin mai.

Katangar harshe ce ta rage, kuma maƙwabtanmu sun fara taɓa ta ta wata fuska. Taraba tana iyaka da Kamaru, a Yawunde kuwa wani matashi, Olivier Madiba, ya kafa kamfanin Kiro'o Games, wanda a Afrilun 2016 ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, bayan fama da ɗaukewar wuta irin wadda muka sani. Labarin Sarki Enzo ne da matarsa Erine na birnin Zama, waɗanda ɗan'uwan amarya ya yi wa juyin mulki ranar bikinsu, suka fita neman ƙarfin kakanni don su ƙwato gadonsu. Sutura da sunaye da al'adun duk na Afirka ne, sai dai da Faransanci da Turanci aka rubuta shi, kuma don kwamfuta aka fara yin sa, ba don wayar da ke hannun ɗan kasuwar Iware ba. A 2024 kuma ɗan wasan kwaikwayon nan na Ingila mai tushe a Kenya, Abubakar Salim, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, labarin yaron da ya yi ciniki da ubangijin mutuwa na tatsuniyar wasan don a mayar masa da mahaifinsa. A cikinsa mai wasa yana iya zaɓar ya ji jaruman suna magana da Suwahili daga farko har ƙarshe.