Asalin Git da Al'adar Gina Shi Daga Tushe

Tun lokacin da masu rubuta manhajar kwamfuta suka fara taruwa su da yawa a kan aiki guda, abin da ya fi damunsu shi ne sanin wanda ya canza wane layi, da ranar da ya canza shi, da hujjarsa, kamar yadda malaman hadisi ba sa natsuwa da matani sai sun bi isnadinsa. A ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Marc Rochkind ya ƙago SCCS a 1972 domin adana tarihin gyare-gyare, kuma a 1976 Stuart Feldman ya fito da make, wanda ke bin umarnin da aka rubuta a cikin Makefile, ya harhaɗa ɗanyen rubutun manhaja har ya zama abin da na'ura za ta iya gudanarwa, ba tare da ya maimaita sashen da bai canza ba. A fagen adana tarihin gyare-gyare kuwa, RCS ya biyo baya a 1982, sannan CVS da Subversion.

A 2005, da kamfanin BitMover ya janye izinin amfani kyauta da BitKeeper, manhajar adana tarihin gyare-gyare da masu raya Linux suka dogara da ita tun 2002, sai jagoransu Linus Torvalds ya zauna ya rubuta Git a madadinta cikin 'yan kwanaki, har a ranar 7 ga Afrilu ya ajiye rubutun Git a cikin Git kansa, da Makefile ɗinsa a ciki. A lokacin babu shiryayyen ƙunshi da mutum zai ɗauka ya girka, saboda haka duk mai bukata sai ya gina da hannunsa. A watan Yuli Torvalds ya damƙa amanar aikin ga Junio Hamano.

Hanyar gina Git ba ta sauya sosai ba. Mutum zai sauke ƙunshin rubutun, ya warware shi, ya tanadi manhajojin da Git ke dogara da su, wato zlib da curl da OpenSSL da expat, ya buga make, ya jira layuka su gama gudu a allo, sa'an nan ya buga make install. Abin da na fi ganin hikimarsa shi ne, idan bai ambaci wurin girkawa ba, Git yakan sauka a cikin jakar gidansa, don haka ɗalibin da ba shi da iko a kan kwamfutar makaranta yana iya mallakar sabuwar sigar ba tare da ya nemi alfarmar mai kula da ita ba. Da zarar ya gina na farko kuwa, da shi zai riƙa janyo gyare-gyaren da Hamano ya karɓa, ya sake ginawa.