Ƙoda, Gishiri da Hawan Jini

Ƙoda ce ke daidaita yawan gishiri da ruwa a jikin ɗan Adam, kuma ta nan take riƙe da linzamin ƙarfin gudun jini. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, ana kiransu nefron. Ƙodojin biyu suna tace ruwa kusan lita 180 a kullum, sannan su mayar wa jini fiye da kashi 99 cikin 100 na gishirin da ya ratsa su.

A jikin kowace matata akwai ƙwayoyin halitta, makula densa, masu ɗanɗana gishirin da ke wucewa. In ya yi ƙaranci, sai maƙwabtansu su saki sinadarin renin, wanda Robert Tigerstedt da Per Bergman suka gano a 1898. Renin ke jawo samuwar anjiyotensin mai matse jijiyoyin jini, da aldosteron mai sa ƙoda ta riƙe gishiri. Ruwa ya bi gishirin, jini ya hau.

Wannan tsari ne ke ceton manomin Zungeru da ke zubar da gumi a bakin kogin Kaduna cikin zafin Afrilu. Amma in gishiri da dunƙulen miya suka yi yawa a tukunya shekara da shekaru, ƙodar mutane da dama takan gaza fitar da rarar, hawan jini ya zauna, shi kuma ya koma yana lalata ƙodar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya.