Tarihin Samuwar Rubutaccen Jerin Umarni a Tsarin Unix

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bibiyi yadda aka fara rubuta wa kwamfuta jerin umarni domin ta riƙa gudanar da ayyukan yau da kullum da kanta. Za a kuma nuna inda tarihin ya shafi rubutun Hausa.

2.1 Asali

An fara gina tsarin Unix ne a shekarar 1969 a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, bayan kamfanin ya janye daga aikin Multics. Ken Thompson da Dennis Ritchie su ne suka jagoranci aikin. Manhajar da ke karɓar umarnin mai aiki ta miƙa shi ga cikin tsarin ita ake kira shel, wato kwanso, domin ta lulluɓe tsarin kamar yadda kwanso yake lulluɓe ƙwayar gyaɗa. Wani Bafaranshe, Louis Pouzin, shi ya raɗa wannan suna tun kafin zuwan Unix.

Shel ɗin da Thompson ya rubuta a 1971 bai da faɗi sosai. A 1973 aka ƙara masa dabarar bututu bisa shawarar Douglas McIlroy, ta yadda sakamakon wani umarni zai zuba kai tsaye cikin wani.

2.2 Bunƙasa

A 1979 ne shel ɗin Stephen Bourne ya fito tare da bugu na bakwai na Unix. Shi ne ya mayar da shel cikakken harshe mai sharaɗi da maimaici. Daga nan mai kula da kwamfuta ya samu damar rubuta aikinsa sau ɗaya a fayil, kamar kwafe bayanai don ajiya ko share tsofaffin fayiloli, sannan manhajar cron ta riƙa tayar da shi a lokacin da aka tsayar. Brian Fox ya fitar da Bash a 1989, kuma zuwan Linux a 1991 ya yaɗa shi a duniya. Sai dai a watan Satumba na 2014 an gano wani kuskure a Bash, wanda aka laƙaba wa Shellshock, da ke ba ɓata-gari damar cusa umarni daga nesa.

2.3 Dangantaka da Rubutun Hausa

Unix na farko ya dogara ne da ma'aunin ASCII mai alamomi 128, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. Saboda haka kwamfuta ba ta iya bambanta ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Thompson ɗin nan dai, tare da Rob Pike, shi ya tsara UTF-8 a 1992, wanda ya ba haruffa masu lanƙwasa gurbi.

Duk da haka da sauran aiki. Alal misali, idan magatakarda a Ajingi ya rubuta jerin umarni don tsara sunayen ɗaliban firamare bisa abjadi, kuma bai saita harshen na'urar ba, sunan Ɗahiru zai faɗo bayan na Zubairu, domin lambar Ɗ ta fi ta Z girma. Idan kuwa an nemi Dahiru, ba za a samu Ɗahiru ba, sai a ɗauka yaron ba ya cikin rajista.

2.4 Naɗewa

An ga cewa jerin umarni ya taso daga ƙaramar manhaja a 1971 zuwa cikakken harshe a 1979. An kuma ga cewa samun gurbin haruffa bai wadatar ba, sai mai rubuta umarnin ya san ƙa'idojin rubutun Hausa. Babi na gaba zai duba kalmomin fannu da suka dace da wannan aiki.