Farfaɗiya: su wa ke riƙe da majinyaci bayan likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Sai dai mazaunin Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi, sai ya je birnin Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kafin ya ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa. Kulawar yau da kullum kuwa tana hannun ma'aikatan da ke ƙasa da likita.

Ma'aikaciyar jinya ce ke rubuta yawan faɗuwa, ta bibiyi shan magani, ta koya wa iyali kwantar da majinyaci a gefensa ba tare da cusa masa cokali a baki ba. Mai gwajin EEG ke ɗaukar hoton motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Mai harhaɗa magani ke gargaɗin kada a yanke shi kwatsam, domin faɗuwar na iya dawowa da tsanani.

Shirin BRIDGE ya horas da ma'aikatan lafiya na matakin farko a Kano, Zariya da Kaduna kan gano farfaɗiyar yara da kula da ita. Irin waɗannan ma'aikata ne za su iya shaida wa iyaye da malamai cewa ciwon ba ya yaɗuwa ta miyau, don kada a raba yaro da makaranta.