Lifidi da Lissafi: Ƙwarewar Sanya Sulke a Wasannin Shiga Rigar Jarumi, a Ma'aunin Yaƙe-yaƙen Zamfara ta Arewa

Wasannin shiga rigar jarumi su ne waɗanda ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani mutum na ƙage, a rubuta ƙarfinsa da zafin namansa da makamansa da lambobi, sannan a riƙa yanke hukuncin kowace arangama ta hanyar jefa ƙwaya irin ta lido ko ta lissafin kwamfuta. Tun daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, da wuya a samu wasa irin wannan da bai tanadi ƙa'idar kayan kariya ba, kuma da yawa daga cikinsu sun mai da sanya sulke ƙwarewa, wato abin da jarumi ke koya har ya goge a kansa. Masu jayayya kan dacewar wannan ƙa'ida da zahiri sun saba auna ta da rigar ƙarfen mahayan Turai. Ƙasar da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, wadda ta sha karon dawaki a ƙarni na 19, tana ba da wani ma'aunin dabam, kuma abin da yake nunawa shi ne wasannin sun yi daidai da suka ce sulke sai da koyo, amma sun kauce da suka ajiye ƙwarewar a jikin mutum guda.

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, kowace rigar yaƙi tana da lambar kariya, wadda ita ce adadin da maharin zai kai ko ya haura da ƙwaya mai fuska 20 kafin a ce saransa ya samu shiga. Rigar da aka cusa wa auduga tana ƙasan jerin da 11, cikakken sulke na zobba yana da 16, rigar farantin ƙarfe 18, garkuwa kuma tana ƙara 2. Wanda ya sanya rigar da ba a horar da shi a kanta ba yakan rasa kuzarin hari, ba kuma zai iya yin tsafi ba. RuneQuest na 1978 ya bi wata hanya, inda sulke ke rage zafin saran da ya riga ya sauka, gaɓa-gaɓa. Skyrim na 2011 ya fi kowa nisa, domin a cikinsa ƙwarewar sulke tana ƙaruwa ne gwargwadon dukan da jarumi ya sha yana sanye da shi, har rigar da ba a ƙara mata zobe ko ɗaya ba ta koma tana kare shi fiye da jiya.

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, sau da yawa ta rimi, a ɗinke ta layi-layi, a lulluɓe doki da ita tun daga wuya har ƙasan ciki, mahayin ma ya sanya tasa. Sulke kuwa zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, kuma binciken A. D. H. Bivar na 1964 ya nuna cewa da yawa daga cikin na Arewa shigo da su aka yi daga ƙetaren Sahara. Abin lura shi ne jerin wasan a kife yake a nan, domin 'yan lifidi su ne manyan mahaya masu nauyi, su ake turawa gaba su fasa sahun abokan gaba, alhali mai sulke yakan kasance cikin masu saurin kai hari. Dalilin yana cikin kwarin 'yan baka. Kibiyar da aka shafa wa dafin kwankwani ba ta buƙatar huda ƙirji. Ƙwarzane a cinyar doki ya isa ya raba mahayi da abin hawansa. Zobe yana tare kaifin takobi, amma siririn tsinin kibiya yana iya samun kafa a tsakaninsa, auduga mai kauri kuwa takan shanye ƙarfin kibiyar ta riƙe ta tun ba ta taɓa fata ba. Wasan da ke ba jarumi tarin makin rai, yana zaftare su kaɗan-kaɗan, ba shi da gurbin makamin da taɓawarsa ɗaya ta wadatar.

Baturen matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya ratsa Zurmi a 1824, ya dawo a 1826 ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana kewaye da garin Konya na Gobirawa, kuma ya bayyana cewa ɗan lifidi ba ya iya hawa dokinsa sai an ɗora shi, dokin kuma ba ya iya sauri saboda nauyi. A nan Dungeons & Dragons ya ɗan kusanci gaskiya, tun da ya ƙayyade minti 10 don sanya riga mai nauyi, ya kuma yarda mataimaki ya rage lokacin cire ta da rabi. Sai dai mataimaki a wasan ƙari ne, a fagen daga kuwa sharaɗi ne. Bayan kowane ɗan lifidi akwai zagage masu ɗora shi da ɗauke shi in ya faɗi, da maɗinki, da mai yankan ciyawa, da ingarman da aka saba masa da nauyi da zafi, da kuma sarkin da kayan suka fito daga taskarsa, domin lifidi galibi mallakar fada ne, ana raba shi ga bayi da barori amintattu ƙarƙashin mai riƙe da sarautar Lifidi. Mahayin yana da nasa koyon, na riƙe mashi da linzami cikin rigar da ta ɗaure masa kafaɗu, da na jure gumi a ranar bazara, amma wannan koyon ba ya ƙara wa auduga kauri.

Tarihin jihadi ya nuna iyakar lambar da ba ta canzawa. A Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, Gobir ta zo da 'yan lifidi kusan 100, jama'ar Shehu Usmanu kuma dawakinsu ba su wuce 20 ba, amma 'yan baka suka tarwatsa mahayan. A 1806 Muhammadu Namoda, jagoran Alibawan Zurmi wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, ya karya haɗakar Gobirawa da Abzinawa a Fafara kusa da Zurmi, a 1808 kuma yana cikin manyan da suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir. Rigar da ke da amfani a fili lokacin rani takan zama kaya a fadamun Gulbin Bunsuru da Gagare in ruwa ya sauka, domin audugar da ta jiƙe nauyinta ninkuwa yake yi, a busasshiyarta kuma kibiyar wuta ce maganinta. A gindin ganuwa, gaban gwalalo, ɗan lifidi ba shi da abin yi face shan kibau. (Layu da maganin ƙarfe da mayaƙa ke ɗaurawa ƙarƙashin rigar sun nuna su kansu ba su miƙa wa auduga dukan amanarsu ba, kuma abin mamaki ne cewa sulken tsafi na wasannin ya fi kusa da tunaninsu fiye da lambar 11.)

Ana iya cewa wasa ba littafin tarihi ba ne, kuma lamba ɗaya da ake jefa ƙwaya a kanta ita ke hana zama ya koma darasin lissafi. Hujjar tana da ƙarfi, kuma babu mai neman a ƙirga zobba. Amma taƙaitawa zaɓi ce, kuma abin da aka zaɓa a bari shi ne jama'a da ƙasa da yanayi, aka riƙe jarumin da ke gogewa shi kaɗai. Mai tsara wasan da zai kafa labarinsa a hanyar Zurmi zuwa Badarawa, wadda Baturen matafiyi Heinrich Barth ya bi a 1853, zai fi kusa da zahiri in ya sa darajar lifidi ta hau ta sauka da damina, da yawan zagage, da irin makamin da ke fuskantarsa. Zai kuma buƙaci ƙa'idar da za ta mai da lambar sifiri dare ɗaya, kamar yadda ya faru a Kwatarkwashi, kudu da Ƙaura Namoda, a ƙarshen Fabrairun 1903, inda mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari kan sojan Ingila da ba su kai 50 ba, waɗanda suka yi sahu mai kusurwa huɗu da bindigogi, aka kashe Wazirin, rundunar ta watse.