Siyasa a cikin Magana Jari Ce

Magana Jari Ce littafin labarai ne mai juzu'i 3 da Abubakar Imam (1911–1981) ya rubuta a Zariya a 1936 domin 'yan makaranta. Yaran Arewa da dama da shi suka ƙware a karatun boko. A ciki, wazirin Sarki Abdurrahman ya haɗa baki da Sarkin Sinari ya ci amanar ubangidansa, wani aku kuwa ya riƙe Musa, ɗan sarkin, da labarai har sarki ya dawo, aka naɗa akun waziri. Ana iya kallon akun nan a matsayin ɗan boko mai neman shiga fada da ilimi, ba da gado ba. Amma littafin bai taɓa sarauta kanta ba. Mugun bafade kawai ya fallasa.