Karayar gwiwar hannu ga yara: yaushe ake tiyata, kuma yaya ake warkewa?

Karayar da ta fi samun gwiwar hannun yara ita ce wadda ke faruwa a ƙarshen dogon ƙashin da ya taso daga kafaɗa, dab da gaɓa. Ta fi yawa tsakanin shekara 5 zuwa 10. Galibi yaro ne zai faɗo daga iccen mangwaro, ko jaki, ko katanga, ya dafa ƙasa da hannu a miƙe.

Me ya sa take da haɗari?

Babbar jijiyar jinin hannu ta bi ta gaban wurin, ga kuma jijiyoyi uku masu kula da motsi da ji a kewayensa. Idan ƙashi ya goce, bakinsa na iya danne su ko ya yanke su. Shi ya sa likita kan fara taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya duba ɗumin yatsu, sannan ya ce yaro ya haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe.

Yadda ake magani

Hoton ƙashi, wanda aka fi sani da radiyo, shi ke nuna girman gocewar. Likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci sun saba da ma'aunin Lagrange da Rigault mai mataki huɗu. Idan ƙashin bai goce ba, filasta ta mako 3 zuwa 4 ta wadatar.

Idan ya goce sosai, sai tiyata. Ana sa yaro barci, a ja hannun a mai da ƙashi mazauninsa ba tare da an tsaga fata ba, sannan a soka siraran ƙarafa biyu ko uku su riƙe shi. Waɗannan ƙarafa na ɗauke da sunan Martin Kirschner, likitan Jamus da ya fito da su a 1909. Ana zare su bayan mako 3 zuwa 4. Ba a buɗe wurin sai in ƙashi ya ƙi komawa, ko ya huda fata, ko jini ya daina isa yatsu.

Sakamako

Yawancin yaran da aka yi wa aiki da wuri suna komawa amfani da hannunsu. Gaɓar kan sandare da farko, amma tana sakewa da kanta cikin makonni ko watanni. Murza ta ko miƙar da ita da ƙarfi ɓarna yake ƙarawa. Jijiyar da ta bugu ita ma takan farfaɗo cikin wata 3 zuwa 6. Idan kuwa ƙashi ya haɗe a karkace, hannu zai lanƙwashe ciki, kuma girma ba ya gyara shi, sai an sake yanka ƙashin.

Batun ɗorin gida

Mafi munin abin da ke biyo baya shi ne ɗauri mai tsanani a kan hannun da ke kumbura, ko da karan ɗori ne ko da filasta. Tsokar da ta yi kamar awa 6 ba jini takan fara mutuwa. Daga nan yatsu su ƙanƙance har abada, nakasar da likita Richard von Volkmann ya bayyana a 1881, ko hannun ya ruɓe a yanke shi.

Alamomin da ba a kwana da su: ciwo mai ƙaruwa, musamman in an miƙar da yatsu, yatsu su yi sanyi, su yi fari ko baƙi, ko yaro ya daina jin su. A sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti mai sashen tiyata, kamar manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maradi. A hanya kada a ba shi abinci ko sha, don maganin barci na son cikin da ba kome.

Wuyan hannu fa?

Ga manya da samari, irin wannan faɗuwa kan karya wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa, ɗaya daga cikin ƙasusuwa 8 na wuyan hannu. Sau da yawa ba ya fitowa a hoton farko, sai a ɗauka targaɗe ne. Idan ciwon ya tsaya a wurin, a ɗaure hannun a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Jini bai wadaci ƙashin ba, don haka yana jinkirin haɗewa. Wanda ya goce sai an ɗaure shi da kusa.